Yaran da ake kira daƙiƙai a Anka, Gummi da Bukkuyum: harshe ne ko gubar dalma?

Akwai wata kalma da ta zauna da gindinta a makarantun firamarenmu, wadda malami kan yanke wa yaro hukunci da ita ba tare da alƙali ko shaida ba, wato kalmar "daƙiƙi". Da zarar an laƙaba wa yaro ita, sai a mayar da shi bencin baya ko gefen tabarma, a daina tambayarsa, ya maimaita aji sau ɗaya ko biyu, daga ƙarshe uban ya ce ai boko bai karɓe shi ba, ya tura shi gona ko kiwo ko ramin zinariya. A ƙasashen da suka tsara ilimin yara masu buƙata ta musamman, irin wannan hukunci yana da takarda da ƙididdiga, saboda haka ana iya ƙalubalantarsa. A yammacin Zamfara kuwa da baki ake yanke shi, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu 'ya'yan su wa ya fi faɗa wa, kuma me ya sa.

Amurka ta riga mu shiga wannan muhawara. A Jihar Kalifoniya, a shari'ar da aka sani da sunan Larry P., an nuna wa kotu cewa yara baƙar fata kusan kashi 10 cikin 100 ne na ɗaliban jihar, amma sun kai kusan kashi 25 na waɗanda aka zuba a azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa. A 1979 alƙali Robert Peckham ya hana amfani da gwajin auna basira wajen kai yara baƙar fata irin waɗannan azuzuwa, domin an gina gwajin ne bisa harshe da rayuwar farar fata. Kafin nan, a 1970, an yi shari'ar Diana, inda aka gwada 'ya'yan 'yan asalin Meziko da Turanci aka ce masu rauni ne, da aka sake gwada su da Sifaniyanci sai mafi yawansu suka tsallake. A Ingila ma Bernard Coard ya fallasa irin wannan a 1971 game da 'ya'yan baƙin haure na yankin Karibiyan.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A 2015 Paul Morgan da George Farkas da abokan aikinsu sun fitar da binciken da ya tayar da ƙura, inda suka ce idan aka kwatanta yaro baƙar fata da farar fata masu maki ɗaya da halin gida ɗaya, baƙin ne ya fi fuskantar a ƙi gano matsalarsa, a hana shi taimakon da ya cancanta. Wato kuskuren iri biyu ne: a kira lafiyayye mai rauni, ko a bar mai raunin gaske ba kulawa. Kuma wani ɓangare na raunin gasken daga muhalli yake. Birnin Flint na Jihar Mishigan, wanda akasarin mazaunansa baƙar fata ne, ya sha ruwan famfo mai dalma daga 2014, sai iyaye suka kai ƙara, a 2018 hukuma ta amince ta kashe kimanin dala miliyan 4 domin a gwada ƙwaƙwalwar yaran da abin ya shafa.

Duk kuskuren biyu suna nan a Anka da Gummi da Bukkuyum, bambancin kawai shi ne ba mai ƙirgawa.

Mu fara da harshe, tunda shi ne fannina. Ɗan Fulanin ruga da ya tashi da Fulatanci yakan shiga aji ɗaya inda malami ke magana da Hausa, littafi kuma da Turanci. Haka yaron da iyayensa suka fito daga ƙasar Zuru mai maƙwabtaka da Gummi da Bukkuyum, wanda Dakarci ne harshen gidansu. Masana koyon harshe sun daɗe da sanin cewa yaron da aka jefa cikin sabon harshe yakan yi wani lokaci yana shiru, yana saurare yana tarawa. Malamin da ba a horar da shi kan wannan ba, shirun zai ɗauka a matsayin toshewar basira. An sani kuma cewa iya hirar kasuwa da wani harshe daban ne da iya ɗaukar darasi da shi. Na farkon kan samu cikin shekara ɗaya ko biyu, na biyun kan ci shekara biyar zuwa bakwai. Don haka malami zai ce ai yaron yana jin Hausa sarai, rashin ƙwaƙwalwa ce kawai, alhali Hausar wasa a dandali yake ji. Ko Bazamfaren da Hausa ce harshen uwarsa bai tsira ba, domin shi "hwari" yake cewa littafi ya ce "fari", ya ce "macce ta" littafi ya ce "mace ce", a ja masa jan biro kan abin da ya faɗa daidai da karin garinsu.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya mamaye yankinsa. Wannan "ko" ɗin ita ce ƙofar da ɗan ruga ya faɗa ta ciki, domin a Zamfara harshen yanki Hausa ne. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989 don cike wannan giɓi, amma duk wanda ya san dazukan yankin ya san yadda rikicin 'yan bindiga ya tarwatsa rugage da ƙauyuka, ya kulle makarantu. Wani abin takaici kuma, rikicin ya ƙara wa ɗan Fulani wani tabo a idon wasu malamai, ana kallon yaro ɗan shekara bakwai da laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Malamin da ya riga ya yanke ƙauna daga yaro ba zai ɓata lokacinsa wajen gano abin da ke damunsa ba.

Kuskure na biyu ya fi ciwo. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake dakawa a turmi da niƙawa a inji cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka ɗibi jininsu suna da dalmar da ta kai maikirogiram 45 ko fiye a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin tsotse guba. Don mai karatu ya gane girman abin, tun 2021 Amurka ke bibiyar duk yaron da nasa ya kai 3.5. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauransu, Bagega kuwa sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin Gwamnatin Tarayya su iso. Zuwa 2022 da MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha, ta gwada yara sama da 8,000.

Maganin yana ceton rai, amma ba ya mayar da abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwar jariri. Alamunta kan bayyana daga baya: rashin natsuwa, saurin mantuwa, jinkirin magana, raunin ji, saurin fushi. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da malami ke kira taurin kai ya sa bulala. Makarantun musamman da muke da su a Arewa, irin su Tudun Maliki a Kano da A.A. Raji a Sakkwato, a manyan birane suke, kuma sun fi karkata ga makafi da kurame, wato nakasar da ido ke gani. Yaron Bagega yana tafiya da ƙafarsa, yana gani, yana amsa sunansa, saboda haka ba wanda zai ce yana da buƙata ta musamman, duk da dokar kare haƙƙin masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019.

To, abin lura a nan shi ne, a idon malami yaran nan biyu kamanninsu ɗaya. Dukansu shiru suke, dukansu ba sa amsa tambaya, dukansu sifiri suke ci. Amma ɗaya lafiyarsa ƙalau, malami mai jin harshensa kawai yake nema. Ɗayan kuwa ko da harshen uwarsa aka koyar da shi sai an bi shi a hankali, an maimaita, an rage masa yawan 'yan aji. Idan aka bar su a haɗe, sai mutane su fara neman bayani a wajen asali, a ce ai 'yan ruga haka suke, ko 'yan ƙauyen kaza ba su da kan boko. Haka aka yi wa baƙar fata a Kalifoniya har sai da kotu ta shiga tsakani.

Hanyar raba su ba ta da tsada sosai. A fara gwada yaro da harshen da yake magana da shi a gida, ta bakin wanda ya iya harshen: ya ba da labari, ya bi umarni, ya maimaita jerin kalmomi, ya ƙirga. Wanda ya yi ƙoƙari da Fulatanci ya kasa da Hausa, an san inda matsalar take. Wanda ya kasa a duka biyun, sai a duba jinsa da jininsa. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru suna da masanan da za su iya tsara irin wannan gwaji da Zamfarci da Fulatanci da Dakarci, maimakon a fassaro na Turawa da hotunan abubuwan da yaron Bukkuyum bai taɓa gani ba.

Sannan Zamfara na da abin da wurare kaɗan suka mallaka, wato bayanan asibiti na dubban yaran da aka auna dalmar jininsu. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha su zauna, da yardar iyaye da kiyaye sirrinsu, su bi sawun waɗannan yara. Waɗanda aka yi wa magani a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata da suka wuce firamare, abin da ya dace da su koyon sana'a ne. Waɗanda aka yi wa a 2020 da 2021 kuwa shekarun firamare suke ciki, wasu a garin Anka inda gudun hijira ya kai iyayensu, kuma malaman da ke koyar da su ba su da labarin abin da ke rubuce a katinsu na asibiti.