Mu Nemo Takardun Kakanninmu Tun Dattawa Suna Raye

Duk gidan da ke da yaro mai neman gurbin karatu a jami'a, ko shiga soja, ko aikin gwamnati, ya san tambayar da ake fara yi masa: ina takardar shaidar asalinka? Ƙaramar hukumar da aka haife shi sai ta ce masa shi baƙo ne, ya koma garinsu. Idan ya hau mota ya tafi Kano ko Katsina, mai unguwa ya tambaye shi, kai ɗan gidan wane ne? Yaro ya yi shiru, domin bayan sunan kakansa bai san komai ba. Ra'ayinmu shi ne kowane gida ya tashi tsaye ya binciko asalinsa a rubuce, kada a bar wa yara wannan wahala.

Wasu za su ce ai sai a duba takardun ƙidaya. A Ingila da Amurka haka ake yi. Ingila tana buɗe sunayen mutanen da aka ƙirga bayan shekara 100, Amurka kuma bayan shekara 72, shi ya sa a 2022 aka fitar da na 1921 da na 1950, mutum ya ga sunan kakansa da sana'arsa da gidan da ya zauna. A nan ba haka abin yake ba. An fara ƙidaya a Legas tun 1866, amma abin da ake bugawa alƙaluma ne kawai. Ta 1931 ma galibinta kintace aka yi daga littattafan haraji. Ta 1962 an soke ta, ta 1973 ita ma an soke, sannan a 1991 da 2006 ba a tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba. Saboda haka wanda ya je neman sunan kakansa a ƙidaya zai dawo hannu rabbana. Amfaninta a gare mu na al'umma ne: ƙidayar 1952 zuwa 1953 da ta 1963 sun rubuta ƙabila, don haka suna iya nuna cewa akwai Hausawa a wuri kaza tun wancan lokaci.

Sunayen suna cikin gidajenmu. Suna cikin tsohuwar adaka da ƙasan gado: rasit na haraji, takardar sayen fili ko hayar rumfa a kasuwa, fasfon aikin Hajji, takardar gama firamare, hukuncin alƙali a kan rabon gado, katin fansho na wanda ya yi aikin jirgin ƙasa ko haƙar kuza. Kada a raina rubutun ajami. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ranar rasuwar manya a bangon kundi, kuma sau da yawa wannan ya fi takardar rantsuwar kotu gaskiya, wadda kowa ya san yadda ake rage shekaru a cikinta. Dillalan shanu da fataken goro ma suna da littattafan bashi masu ɗauke da sunaye da garuruwa. Bayan nan sai Gidan Adana Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, yana da rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A can ake ajiye fayilolin Turawan mulki, har da na haraji da naɗin sarakunan unguwanni. Ya kamata mu tura ɗalibanmu su je su duba.

Amma fa kada mu yaudari kanmu. Takarda ba za ta mayar da kowa ɗan ƙasa a idon shugaban ƙaramar hukuma ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci a sashe na 42, ya ba da damar mallakar fili ko'ina a sashe na 43. Shi ɗin dai kuma, a sashe na 147, ya ce a ɗauko minista daga cikin 'yan asalin kowace jiha, bai kuwa fayyace wane ne ɗan asalin ba. A wannan ramin ne ake jefa mu. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916. An ce baƙo raɓa ne, to wace irin raɓa ce take shekara fiye da ɗari ba ta bushe ba? Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama Magajin Garin Inugu a shekarun 1950, a yau kuwa jikan irinsa sai a hana shi tallafin karatu.

Akwai 'yan'uwanmu da ke ganin cewa neman asali a Arewa tamkar amincewa ne mu baƙi ne a nan. Ba mu yarda da wannan ba. Binciken da zai nuna kakanka ya fito daga Bebeji, shi ne kuma zai nuna ya biya haraji a nan tun kafin samun 'yancin kai a 1960. Abin da ke karya hujjarmu shi ne sayen takardar ƙarya daga ƙaramar hukumar da ba mu da kowa a cikinta.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. A rikicin Shagamu na 1999, da na Jos a 2001, da na Idi-Araba a 2002, an ƙona gidaje, takardun da ke ciki kuwa ba a sayo su a kasuwa. Kowane magidanci ya ɗauki hoton takardunsa da waya, ya yi kwafi ya ajiye wurin ɗan'uwa a wani gari. A zauna da tsofaffi, musamman iyayenmu mata da suka fi riƙe dangantaka, a naɗi muryarsu: sunan kaka, garinsa, unguwarsa, sana'ar da ta kawo shi, da sarkin da ke mulki lokacin da ya iso. Jaririn da aka haifa kuma a kai shi ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a yi masa rajista kamar yadda dokar 1992 ta wajabta, a tabbatar an rubuta sunan garin da aka haife shi daidai.