Kafin a ɗora hawa na uku

Wani aminina da muka yi karatun allo tare ya sayi tsohon bene mai hawa biyu kusa da tafkin Jabi a Abuja, kuma a watan jiya ya kira ni in je in ga gyaran da yake shirin yi. Ya shimfiɗa mini zanen a kan mota. Za a ƙara hawa na uku, a rushe bangon da ke kallon ruwa a sa gilashi tun daga ƙasa har sama, sannan a manna tayil a gindin bangon falo domin a rufe damshin da ya kumbura fenti. Ni ba injiniya ba ne, amma na yi furfura ina karanta labaran benayen da suka rufta kan masu barci, kuma a wannan gida ne iyalinsa za su riƙa kwana.

Na ce masa, "Alhaji, ara mini makullin motarka." Na soka shi a gindin wani ginshiƙi, sai ɓawon siminti ya faɗo kamar ƙanzo, rodin da ke ciki ya yi jawur da tsatsa.

Abin da ke faruwa ke nan a gidan bakin ruwa. Ruwan ƙasa yana kusa, bulo kuwa yana tsotsarsa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan ya hau bango ya bushe, sai ya bar gishiri a baya, gishirin ya riƙa cin filasta. Wanda ya rufe wurin da tayil ya toshe wa damshin hanyar fita, don haka zai ƙara hawa sama ya ɓulla inda tayil ya ƙare. Idan kuma ya kai ga rodi, tsatsa tana kumbura ƙarfe har ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi daga ciki. A kan irin wannan ginshiƙi aminina yake son ɗora wani hawa.

Tafki bai ƙyale ko manyan masu zanen gini ba. Le Corbusier, wanda ake ƙirgawa cikin iyayen ginin zamani, ya gina wa mahaifansa ɗan ƙaramin gida a Corseaux, bakin tafkin Janeba a ƙasar Suwizalan, tsakanin 1923 da 1924, da taga guda mai tsawon mita 11 tana kallon ruwa. Ruwan tafkin yana hawa da sauka tare da damina da rani nasu, ruwan da ke ƙarƙashin gidan ma haka, har bango ya tsage. A 1951 aka lulluɓe fuskar da ke kallon tafkin da falankin alminiyom. Mahaifiyarsa ta zauna a ciki har rasuwarta a 1960, kuma a 2016 UNESCO ta sa gidan cikin wuraren tarihi na duniya. Wannan fa gida ne mara nauyi, ba a ɗora masa bene uku ba.

Maginanmu na dā, da tubalinsu da azarar giginya, sun fi mu tsoron ruwa. Suna fitar da indararo nesa da bango, suna shafe soro da makuba, kuma kowace shekara sai an sake yaɓe kafin damina. Mu da muka samu siminti sai muka ɗauka an gama da wannan hidima.

Batun gilashi kuwa, bangon yana fuskantar yamma. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya rana za ta bugo shi kai tsaye, ruwan tafki ya sake maido haskenta ciki, falon ya zama tanda, kuɗin dizal na na'urar sanyaya ɗaki ya cinye daɗin kallon. Na ba shi shawarar ya fitar da baranda mai zurfi ta yi wa tagogin inuwa, ya sa raga saboda sauro, ya buɗe taga a ɗaya ɓangaren domin iska ta ratsa. A ƙasa kuma a kankare filastar da ta ruɓe, a haƙa magudana a zagaye gidan, a bar bango ya sha iska ya bushe kafin a shafa masa komai. Hawa na uku ya jira har injiniya ya gwada ƙasa da ginshiƙai. In ya amince, a yi shi da ƙarfe da rufi mara nauyi.

Ransa bai yi daɗi ba. Ya ce, "Malam, na kira ka ka taya ni murna, ka zo kana fasa mini gida da makullina." Shekaranjiya dai ya bugo mini waya ya ce injiniya zai zo ranar Asabar. Tayil ɗin kuwa ya riga ya saya, kwali sittin, suna jibge a gareji.