Filin Sana'a: Sandar da ke ba injin babbar mota numfashi

Kaka ta kusa. Masu manyan motoci a Damagaram, da Mirya, da Matamaye, da Magarya sun shiga gyara, don kada lokacin jigilar wake da gero ya same su a gareji. Akwai ƙungiyoyin manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi tsohuwar mota. Akwai makiyayan da suka sayar da shanu suka shiga tarayya da ɗan'uwa direba. Idan an sauke inji an baje shi, makanike yakan kira masu mota ya lissafa musu abin da za a sayo. Fistan da zobbansa kowa ya san su. Amma akwai wani dogon ƙarfe da ake yawan gardama a kansa. Makanikan Kano suna ce masa kamshaf. A takardun Faransanci, arbre à cames aka rubuta. Shi filin zai duba a wannan wata.

Mene ne aikinsa?

Kamshaf sanda ce ta ƙarfe mai ƙusumbi jere a jikinta. Kowane ƙusumbi kamar ƙwai yake, gefe ɗaya ya fi tsini. Inji yana numfashi kamar dabba. Yana shaƙar iska, ya matse ta, famfo ya fesa gazuwal, wuta ta kama ta tura fistan, sannan hayaƙi ya fita. Ƙofofin da iska ke shiga da waɗanda hayaƙi ke fita su ne bawul, wasu suna cewa supap. To, ƙusumbin sandar nan shi ne mai buɗe ƙofa. Shi ke yanke lokacin da za ta buɗe, da girman buɗewar, da daɗewarta a buɗe.

Inji mai fistan 6, kowane fistan da ƙofa 2, sandarsa tana da ƙusumbi 12. Idan inji ya juya sau 2, ita sau 1 take juyawa. Ke nan inji mai juyawa sau 2,000 a minti, kowace ƙofa tana buɗewa sau 1,000 a wannan minti. Daga Damagaram zuwa Agadas, kilomita wajen 450, mai son lissafi ya lissafa.

Fatar ƙusumbin ce kawai aka ƙona ta yi tauri. Taurin bai yi zurfi ba. Ranar da ƙura da tsohon baƙin mai suka cinye wannan fata, abin da ke ƙasa ba ya daɗewa. Ƙusumbi ya lafe, ƙofa ta daina buɗewa sosai. Mota ta kama baƙin hayaƙi, ta rasa ƙarfi a hawa, ta ƙara shan mai. Makanike ya ɗaure bawul yau, bayan sati biyu ƙarar ta dawo. Sau da yawa famfon gazuwal ake ɗora wa laifi, a kashe masa kuɗi, alhali ciwon yana wani wuri.

Lambar ƙofa da lambar inji

Galibin tsofaffin manyan motocin da ke bin hanyoyin nan Mercedes ne na ƙasar Jamus. Lambar da ke jikin ƙofarsu tana da ma'ana. 1113 tana nufin mota da kayanta tan 11, ƙarfin doki wajen 130. 1924 tana nufin tan 19, doki 240. Wanda ya iya karanta alƙaluma ya riga ya san rabin labarin motar kafin mai sayarwa ya buɗe baki.

Amma ba da lambar ƙofa ake sayen kamshaf ba. Motar da ta shekara 40 tana aiki, da wuya a ce injinta na farko ne a cikinta. An sauya, an kuma sauyawa. Takardar mota ma tana iya ɗauke da lambar injin da ya daɗe da mutuwa. Lambar da za a kwafa ita ce wadda ke jikin injin kansa. A goge wurin da ƙyalle, a rubuta ta a takarda, alƙalami bayan alƙalami, wani ya sake karantawa.

Ga dalili. Injin da aka fi sani a cikin 1113 sunansa OM 352. An fara yin sa a 1964, fistan 6, lita 5.7. Suna ɗaya ne, amma iri-iri ne. Akwai mai shaƙar iska da kansa, akwai mai turbo, wanda ake ƙara wa harafin A, ƙarfinsa yakan kai doki 168. A wasu daga cikin injinan nan, kamshaf ɗin ce ke tuƙa famfon iskar birki, saboda haka an yi mata wani gurbi na musamman a jikinta. A wasu kuma bel ne ke juya famfon. Idan aka sayo marar gurbi aka kawo wa injin da ke bukatarsa, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, amma babu abin da zai cika tankin iska. Babbar mota babu iska, babu birki. Daga baya, cikin shekarun 1980, OM 366 ya gaje shi, kuma a ido sun yi kama ƙwarai. Kama da wane ba ta wane.

Shi ya sa mai tafiya sayayya, ko a nan cikin gari ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ya ɗauki tsohuwar sandar ya tafi da ita, a naɗe cikin buhu. Nauyinta bai kai na kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu ba.

Wacce za a saya?

Iri huɗu mai saye yakan tarar. Akwai sabuwa ta asali, ita ce mai tsada. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kayan Turai sababbi suka fi ƙarfin masu mota da yawa. Akwai sabuwa ta kwaikwayo, a ciki akwai ta kirki, akwai wadda ƙyalli kawai gare ta. Akwai ta hannu, wadda aka cire daga injin da ya yi aiki a Turai. Akwai kuma wadda aka wasa a injin wasa ƙarfe, aka gyara mata fuska.

Ta hannu mai lafiya ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba. Ita aƙalla an ga aikinta. Amma sai an duba ta da rana, ba cikin duhun shago ba. A wanke ta da gazuwal. A bi kowane ƙusumbi da farce. Idan farce ya maƙale a wani zane, ko an ga ƴan ramuka kamar zanzana, ko tsinin ya canza launi ya yi shuɗi, a ajiye ta. Sannan makanike ya sa ma'auni ya gwada tsayin kowane ƙusumbi, na iska da ƴan'uwansa na iska, na hayaƙi da na hayaƙi. Shida shida ne, kuma ya kamata kowane shida su zo daidai. Ɗaya ya gaza, duka sandar ta gaza. A duba haƙoran da ke jikinta. A ɗora ta a kan abu mai daidaito a juya a hankali, don sandar da aka jefo daga saman mota tana iya lanƙwasa kaɗan, ido bai gani ba.

Wadda aka wasa kuwa, sai an san hannun da ya wasa ta. Idan ya ci ƙarfe ya wuce fatar nan mai tauri, za ta yi kyau ranar saye, ta lafe kafin a gama jigilar rake daga fadamun Matamaye. Masu tsofaffin Berliet su ne suka fi shiga wannan hali. Kamfanin na Faransa ya haɗe da Saviem a 1978, sunansa ya ɓace daga jikin motoci a 1980, sabon kayansa sai an sha nema. Su ba su da zaɓi mai yawa. Mai Mercedes yana da shi.

Wasu sukan ce a kai wa mai walda ya cika ƙusumbin da ya lafe, a goge da dutsen wasa. Ba a raina maƙeran Damagaram. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har igwa suka ƙera. Amma siffar ƙusumbi ba ta ido ba ce. Kuskuren da bai kai kaurin takarda ba yana canza numfashin inji. Walda ta fitar da mota daga daji ta kawo ta gari, wannan an yarda. A rufe sabon inji da ita, wannan zubar da kuɗin jama'a ne.

Maganar ƙarin gudu

Akwai zancen da samarin gareji suke ɗebowa daga waya, wai akwai kamshaf mai dogon ƙusumbi da ke ƙara wa mota gudu. Gaskiya ne akwai ta. Ta ƙananan motocin tsere ce masu shan fetur. Tana barin ƙofa a buɗe ta daɗe, inji ya yi ƙarfi idan yana ihu, ya rasa ƙarfi idan yana tafiya a hankali. To, babbar mota mai ɗauke da buhu 100 a cikin rairayin arewacin Tanut, ko a hanyar ƙauye bayan ruwa, a hankali take neman ƙarfinta. Mai noma ba ya ɗaura wa dokin sukuwa garma.

Akwai kuma haɗari. A injin gazuwal, fistan yana hawowa har ya kusa taɓa rufin. Wurin da ya rage kaɗan ne. Ƙofar da ta buɗe fiye da ƙima, ko ta makara wajen rufewa, fistan zai buge ta. Bawul ya lanƙwashe, wani lokaci fistan ya fashe. Idan buhunan gero ne a bayan motar, za su jira. Idan ragunan layya ne aka nufi kasuwar Maigatari da su, kwana biyu a rana babu ruwa ya isa ya cinye ribar shekara.

Abokan tafiyarta

Kamshaf ba ita kaɗai take aiki ba. A kan kowane ƙusumbi akwai wani ɗan ƙarfe kamar kofi da ke zaune, shi ke tura tsinken da ke buɗe bawul. Kofi da ƙusumbi tare suke cin juna, har kowane ya saba da fuskar abokinsa. Tsohon kofi a kan sabuwar sanda, zane zai yi mata. Nan ne masu mota suka fi yin rowa. Sun biya babban kuɗi, sai su ce a mayar da tsofaffin kofuna. Wanda ya sayi sabuwar sanda ya sayi kofuna 12 sababbi. Wanda zai mayar da tsohuwar sandarsa mai lafiya, ya sa a jera kofunan a kwali da lamba, daga 1 zuwa 12, kowane ya koma gidansa. Zobban da sandar ke kwanciya a cikinsu su ma a duba su, don idan sun buɗe, baƙin mai yana tserewa ta nan.

Wajen haɗawa, akwai alama a jikin haƙoran kamshaf da na babban ƙarfen inji. Sai alama ta dubi alama. Haƙori ɗaya aka tsallake, lokaci ya ɓace. Ma'ajin ƙungiya yana da ikon cewa a nuna masa da idonsa kafin a rufe. A shafe kowane ƙusumbi da mai, kada a tada shi a bushe. A juya inji da hannu sau 2 cikakku, a ji ko wani abu ya tokare.

Tazarar bawul kuwa, a OM 352 marar turbo, inji yana sanyi, milimita 0.20 ce ta iska, 0.30 ta hayaƙi. Mai turbo tasa ta fi faɗi, sai a bi abin da littafin injin ya ce. Bayan tafiyar farko, kamar zuwa Magarya da dawowa sau biyu ko uku, a yi juye, a tsiyaye man a kwano mai tsabta a duba shi a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan ba laifi. Idan an ga garin ƙarfe yana kwance a gindin kwano, kada a yi lodi, a koma gareji.