Filin Mai Mota: In ka ga jan mai a ƙasa, kashe inji

Yau filin namu zai tsaya ne a bakin kwalta wajen Kiyeshe, inda ni da wani abokina ɗan kasuwa muka yini cikin zafin watan Afrilu, mun fito Dogon Dutsi za mu Doso.

Motar Alhaji Toyota ce irin mai canja giya da kanta, wadda makanikanmu ke ce wa buwat otomatik. Mun ratse cikin Dallol Mauri gaisuwar rasuwa, mota ta sha fama da rairayi. Da muka koma kwalta, ba mu yi nisa ba sai inji ya shiga kuka, mota kuwa ba ta ja. Alhaji ya ce mu lallaɓa mu kai Kore Mairuwa. Na ce, "Alhaji, don Allah a kashe ta nan." Muna fitowa muka ga jan mai ya bi hanya a bayanmu kamar an yanka rago.

Dalilin da ya sa na hana shi ci gaba shi ne, a buwat otomatik mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, shi ke matse faya-fayen kuloci, shi ne kuma ke sanyaya su. In ya tsiyaye aka ci gaba da taka mota, cikin ƴan kilomitoci faya-fayen za su ƙone. Gyaran ƴan daloli ya koma na ɗaruruwan jikkuna. Sauri kan haifi nawa.

Da farko a tabbatar da man da ya zuba. A ɗiga shi a farar takarda. Man buwat mai lafiya ja ne. In ya yi baƙi yana ƙauri, ya riga ya ƙone. Amma a lura, man sitiyari a motoci da dama shi ma ja ne, ruwan radiyata na wasu motoci ma haka, sai dai shi ruwa-ruwa ne, ba ya da maiƙo sosai.

Na biyu, a goge ƙarƙashin mota da tsumma, a nemi wurin da ya fi ko'ina tsawo wanda ya jiƙe, domin mai daga sama yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya. Zubar da ta zo farat ɗaya galibi daga tiyo biyun nan ne masu kai mai radiyata ya huce ya komo, domin famfo na tura shi da ƙarfi a cikinsu. Sai kwanon ƙasa na buwat, in dutse ya buge shi, ko juwan ɗinsa ya mutu, ko noti ya kwance. Sai zoben roba na inda kardan ya shiga buwat. In kuwa mai na fitowa daga mahaɗar inji da buwat, zoben gaba ne, wannan sai an sauke buwat a gareji. Mai yakan kuma yi ambaliya ta hucin sama in ya yi zafi ainun ko an cika shi ya wuce ƙa'ida. In aka ga ruwan radiyata ya koma kamar fura mai ja-ja, radiyata ta fashe daga ciki, sai an canja ta da man gaba ɗaya.

Namu tiyo ne ya tsage a bakin koliye. Muka kira makaniki, ya zo a kabu-kabu daga Dogon Dutsi da tiyon mai, ba na ruwa ba, da koliye biyu. Ya ɗaura, ya zuba mai kaɗan-kaɗan da mazurari ta ramin sandar awo. Sa'annan ya ta da inji, ya taka birki, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, ya maido kan P, ya auna mota na tsaye a wuri mai daidai, inji na aiki, mai ya ɗumama. Haka ake auna mafi yawansu. Wasu motocin Honda sai an kashe inji, wasu sababbi kuma ba su da sandar ma.

Abu uku nake roƙon ku. Kada a zuba man inji a buwat, komi matsuwa. A duba abin da aka rubuta a sandar awo ko littafin mota: Dexron ne, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya fito da shi a 1967, ko T-IV ko WS na Toyota; ba duk jan mai ne ɗaya ba. Kada kuma a ɗaura igiya a ja ta tafiya mai nisa tayoyin ja na ƙasa, domin famfon mai ba ya juyawa in inji na kashe. A ɗora ta bisa babbar mota. Na uku, duk mai shiga daji, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, ya riƙe lita biyu na man motarsa da guntun tiyo da koliye a bayan mota.

Mun isa Doso bayan isha'i, buwat lafiya lau. Allah ya kiyaye hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.