Noman Rani a Kwarin Haɗeja: Tattalin Ruwa da Kula da Kayan Aiki Su Ne Ribar Manomi

Sanin kowa ne cewa tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, lissafin noman rani ya canza baki ɗaya. Litar da ake saye a kan kimanin naira 190 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 sai da ta zarce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Ga ƙaramin manomi a fadamun Auyo, Kafin Hausa, Miga da Ringim, wannan na nufin duk ruwan da injinsa ya ɗago daga kogi ko daga rijiya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa, kuma wanda ya tsiyaye a hanya bai kai ga shuka ba hasara ce tsagwaronta.

Idan za a iya tunawa, a da can da jigo ake ban ruwa a lambuna, inda magidanci kan wuni yana ja bai wuce 'yan kwamaye ba. Hukumomin raya aikin gona na jihohi su ne suka fara yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi a shekarun 1980, sannan shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990, ya ƙara bunƙasa su. Ta ɓangaren manyan ayyuka kuwa, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma a shekarar 2023 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na Kwarin Haɗeja da ke Auyo bayan gyaran da aka yi masa a ƙarƙashin shirin TRIMING. Sai dai duk girman madatsa, iyakarta ta sako ruwa. Abin da zai faru da shi tsakanin bakin gona da gindin shuka yana hannun mai gona da iyalinsa.

Wuri na farko da ake tafka hasara shi ne jikin injin kansa. Ƙa'idar irin waɗannan ƙananan injuna ita ce a canza baƙin mai bayan awa 20 na farko idan injin sabo ne, daga nan kuma duk bayan kimanin awa 100 na aiki. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, injin ya riƙa shan mai fiye da kima ba tare da ya ba da ruwan kirki ba, don haka wajibi ne a riƙa tsabtace ta tare da duba fulogi. Hakazalika ba a tayar da injin sai an cika cikinsa da ruwa, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tayar da shi a bushe yakan ƙona robar da ke hana yoyo. Tiyon zuƙo ruwa kuma, ko ƙaramar huda ce a jikinsa, iska zai riƙa ja, mai yana ƙonewa a banza.

Wuri na biyu shi ne cikin gonar. Kwamin da ba a daidaita ƙasansa ba, gefe guda yakan nutse, ɗaya gefen kuma ya zauna da ƙishirwa. Magudanar da ciyawa ta cika ko ɓera ya huda takan shanye kaso mai yawa kafin ruwa ya isa. Ban ruwa da sassafe ko da yamma ya fi na tsakar rana, sannan rufe ƙasa da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa yana tsawaita danshi. Ya kamata a sani cewa yawan ruwa ba shi ne yawan amfani ba: yakan wanke taki, ya ruɓar da saiwar tumatir da albasa, ya kuma taso da kanwa a inda ruwa ba shi da mafita.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Ciyawar kacala, wadda ta mamaye hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru bayan madatsun sun sa kogin yana gudana rani da damina, tana hana ruwa isa ga wasu, tana kuma karkatar da shi cikin gonakin wasu, kamar yadda ta ƙara tsananta ambaliyar shekarar 2022. A nan ne ake bukatar shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su tsayar da ranakun gayya don yashe magudanai kafin tsakiyar watan Nuwamba, lokacin da ake fara shukar alkama, su kuma tsara rabon ruwa yadda na ƙarshen layi ba zai kwana da ƙorafi ba.

Babu shakka injuna masu aiki da hasken rana sun fara samun karɓuwa, kuma suna sauke wa manomi nauyin sayen mai. Amma kuɗin sayensu yana da yawa, faifansu yana bukatar shara a kai a kai, kuma ganin ruwan kamar kyauta ne na iya sa a riƙa jansa ba ƙaƙƙautawa har rijiyoyin makwabta su yi ƙasa.

Saboda haka muna kira ga malaman gona da su mayar da hankali wajen koyar da waɗannan ƙananan gyare-gyare a gonaki, ƙananan hukumomi kuma su tallafa wa matasa su koyi gyaran injuna a garuruwansu. Shi ma magidanci ya ware wani abu daga cinikin kowace kaka domin gyara, tun da injin da ya tsaya na mako guda lokacin da alkama ke fitar da kai na iya cinye wahalar rani sukutum. Allah Ya sa wa nomanmu albarka, amin.