Abin da Taswirar Waya ba ta Nunawa

Ma'aikacin da likita ya gargaɗa kan hawan jini yakan koma Talata Mafara da sabon takalmi da ƙudurin hawan dutse, kamar yadda ya ga ana yi a YouTube. Ƙudurin ba shi da aibi. Kuskuren shi ne zaton cewa manhajar taswira ta wadatar.

Waya tana nuna tudu da kwari, tana auna nisa, amma ba ta san wace hanya ce 'yan bindiga suka tare a dazukan Maradun ba. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, intanet ɗin kansa ya ɗauke. Sanin hanya a wannan yanki yana bakin manomi da direban tasha da mai unguwa, kuma labarin jiya ba lallai ne ya yi amfani yau ba.

Saboda haka ya fi dacewa sabon shiga ya haƙura da tsauni tukuna. Gefen magudanan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, take kuma shayar da gonakin shinkafa har Bakura, ya ishe shi horo: kusa da gari, bayan manoma sun fito, shi da abokin tafiya, da ruwa a gora, a juyo kafin rana ta take. Cinya da numfashi ba ruwansu da kyawun wuri. Idan ƙafa ta yi ƙwari, Dutsen Dala na nan a Kano da matakalarsa, a tsakiyar jama'a.