Idan Kara Ta Mutu, Kasuwa Ta Mutu

Jama'a, wai shin har yaushe mahukunta za su riƙa kukan cewa kasuwannin karkara sun durƙushe, alhali su ne ke korar masu raya su?

Mu waiwayi tarihi. Salaga babbar cibiyar goro da shanu ce a da, amma da yaƙin basasa ya ɓarke a 1892 fatake suka watse, har yau ba ta koma yadda take ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, rumfuna da dama a Zongon Kumasi suka zama kango. A 2018 kuma jami'an tsaro suka shiga dajin Agogo suna harbe shanu. To, wa ya ci riba?

Saniya guda da aka ɗauko daga Yeji ko Ejura zuwa mayankar Kumasi, dillali zai ci, direba zai ci, mahauci da mai tsire da majemi duk za su ci. Kuɗin daskararrun kajin da ake saukewa a Tema kuwa, ƙasashen waje suke tafiya.

Ba mu ce makiyayi ba ya laifi ba. Wanda dabbarsa ta ci gona, ya biya diyya. Amma harsashi ba shari'a ba ne.

Muna kira ga majalisun gundumomi su gina kara, su haƙa rijiyoyi, su shata burtali, su kawo likitan dabbobi. Sarkin Zongo da sarakunan fawa, ku ma ku sa baki. Allah Ya sa a ji.